Saffa, sigari da shisha a hannun 'yan sakandare: amsar tambayoyin iyaye da ɗalibai

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren maza a nan Gadarif, a gabashin Sudan. Tun da aka san ina yi wa yara magana a kan taba, tambayoyi ba su yanke ba: a ƙofar masallaci bayan Magariba, a wurin suna da ɗaurin aure, wasu kuma ta saƙon murya daga Kassala, Sinja, Mai Wurno da Damazin. Iyaye mata sun fi kowa tambaya, ɗalibai kuwa sai sun ga ba kowa kusa. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su da Hausa, domin kusan duk abin da ake rubutawa a kan wannan al'amari da Larabci ne, kuma akwai iyayenmu da magana ba ta ratsa su sai da harshen gida.

Malam, wace taba ake nufi? Ni ban taɓa ganin ɗana da sigari ba.

Ba lallai ki gan shi da ita ba, Inna. Da an ce taba, hankali yakan tafi kan karan sigari da hayaƙi, alhali a ƙasar nan wadda ta fi kusa da hannun yaro ita ce marar hayaƙi: tumbak, wadda wasu suke kira sa'ut. Yaro zai ɗebo kaɗan daga leda ko daga hugga, wato ɗan gwangwanin da ake ajiye ta, ya mulmula a tafin hannu, ya cusa tsakanin leɓe da dasashi. Wannan ɗan dunƙulen shi ne saffa. Ba ashana, ba toka, ba hayaƙin da zai kama riga. Na sha ganin ɗalibi a layin baya da saffa a baki tun farkon darasi, ba abin da ya tona shi sai da na jefa masa tambaya ya kasa buɗe baki.

Sigari ma tana nan, ana sayar da ita kara-kara a kan teburi. Shisha tana wuraren zaman samari. Sigarin lantarki ta fara bayyana a hannun 'ya'yan masu hali da waɗanda suka dawo daga Masar ko Saudiyya. Amma yawancin ɗaliban da na sani, ta ƙofar saffa suka shiga.

To ai tumbak ganye ne da kanwa. Me zai sa ganye ya zama guba?

Ganye ne da kanwa, amma sai a duba wane ganye, a kuma duba aikin da kanwar take yi. Tabar da ake tumbak da ita wani iri ne da masana suke kira Nicotiana rustica, wanda nikotin ɗin da ke cikinsa ya ninka na tabar sigari. An fi noma ta a Darfur ta Arewa, wajejen Tawila da Shangil Tobay kusa da Fashir. Idan an yanke ta sai a tara a rufe, ta ɗauki zafi ta sauya launi, sannan a busar, a niƙa, a ajiye tsawon watanni. Mai shago ne yake kwaɓa garin da ruwan atrun, wato kanwarmu ta gida.

Ba don ɗanɗano ake sa kanwar ba. Ita take buɗe wa nikotin hanya ya ratsa fatar baki da sauri ya shiga jini. Shi ya sa sabon shiga yake jin jiri, zufa ta karyo masa, wani har ya yi amai. Kaifinta kuma yana cin naman wurin da ake ajiye saffar kullum, har dasashi ya ja baya ya bar saiwar haƙori a fili.

Babban abin tsoron yana faruwa ne lokacin rufewa da ajiyar nan. A nan ake samun wasu sinadarai masu haddasa kansa da ake kira nitrosamin. A 1991 wani likitan cututtukan baki ɗan Sudan, Ali Idris, da abokan aikinsa sun auna su a cikin tumbak, suka ga yawansu ya zarce abin da aka saba gani a kowace tabar baki. Da aka gwada da tabar baki ta ƙasar Suwidin, ta wajenmu ta ninka ta kusan sau 100. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take Liyon a Faransa, ta sa tabar baki a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam kansa: ta baki, ta maƙoshi, wato bututun da abinci yake bi zuwa tumbi, da ta wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna fankiriyas. Kuma kansar bakin mai saffa tana yawan fitowa daidai inda ya saba ajiye ta.

Kakanninmu sun ci taba har suka tsufa, ba abin da ya same su. Yau ne za a ce tana kisa?

Bahaushe ya san taba tun kafin ya ga Kogin Nilu, wannan gaskiya ne. Tsofaffi sun ci garin taba da kanwa, mata sun goge haƙora da fure bayan goro. Waɗanda suka biyo hanyar hajji a ƙasa, da waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi a 1903, ba a nan suka fara ganin ta ba.

Sai dai idan muna wannan lissafi, waɗanda suka tsufa kaɗai muke ƙirgawa. Wanda ƙari ya fito masa a baki yana ɗan shekara 50, ya kasa cin abinci, ya rame ya tafi, ba a ce taba ce ba. An ce sammu ne, ko an ce daji ne ya kama shi, aka yi ta jiƙe-jiƙe har rai ya yi halinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma tana iya kashe rabin waɗanda suka riƙe ta ba su daina ba. Kakan da ya kai 90 yana cikin rabin da ya tsira. Ba wanda zai iya gaya mana a wane rabi jikansa zai faɗa. Sannan tsofaffin da na sani sun fara ne bayan sun yi aure sun yi gemu. Yaron yau yana farawa a shekara 13 ko 14, ya ƙara wa kansa shekaru goma ko fiye na zama da gubar.

Ustaz, an ce saffa tana kashe ciwon haƙori, tana kuma buɗe kai idan za a yi karatun dare. Ba haka ba ne?

Ta farkon ta jefa yara da yawa, har da waɗanda manya suka ba su da kyakkyawar niyya. Wurin yakan ɗan yi sanyi na wasu mintoci, amma ramin da ke haƙorin yana nan yana ƙara zurfi. Haƙorin da ya ruɓe ciko yake so ko cira.

Ta biyun ita ce take yawo idan jarrabawar Shahada, wato ta kammala sakandare, ta matso. Abin da yake faruwa shi ne, wanda jikinsa ya saba da nikotin, da zarar ya yi ƙasa a jininsa sai hankalinsa ya rabu, ya ji ƙunci, layin littafi ya ƙi shiga. Idan ya sa saffa sai ya dawo daidai, ya ɗauka ita ta buɗe masa kai. Ita ce ta rufe shi tun farko. Abokinka da bai taɓa sawa ba, a wannan daidai ɗin yake tun safe ba tare da ya biya kowa ba. Ka tuna kuma ɗakin jarrabawa awa uku ne ba fita. Na tsare jarrabawa na ga yaro mai ƙoƙari yana ta motsi a awa ta biyu, yana cizon biro, ba don bai san amsa ba.

Shisha fa? Ruwan ba ya tace hayaƙin?

Ba ya tacewa, sanyaya shi yake yi, kuma sanyin ne yake sa a zuƙa har ƙasan huhu ba tari. Mu'assal ɗin da ake sawa a kan shisha taba ce da aka jiƙa da zaƙi da ƙanshin tuffa ko na'ana'a. Kara ɗaya na sigari minti biyar ne, zaman shisha kuwa yakan kai awa guda. Ga gawayin da ke samanta yana fitar da iskar nan mai guba da take kashe mutanen da suka kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki. Ciwon kai da jirin da ake ji bayan an tashi, ita ce. Bakin tiyo ɗaya kuma yana zagaya samari biyar ko shida, a garin da tarin fuka bai ƙare ba.

Me ya sa kuka fi damuwa da 'yan sakandare? Babba ma ai tana cutar da shi.

Saboda a nan ake ɗaure mutum. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke gaba, mai auna abu kafin a aikata, shi ne yake gamawa a ƙarshe. Idan aka zuƙi sigari, nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya taɓa wurin da yake sa mutum jin daɗi. Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon abu da sauri, ko Alƙur'ani ne ko lissafi, kuma da wannan saurin take koyon neman nikotin. Wasu yaran alamun kamu suna bayyana a gare su tun ba su kai ga sha kullum ba. A Amurka, inda aka daɗe ana ƙididdige wannan, kusan 9 cikin 10 na manya masu shan sigari kullum sun fara ne kafin su wuce shekara 18. Ka tambayi masu saffa na unguwarku yaushe suka fara, za ka ji amsar ba ta yi nisa da haka ba. Wanda ya fita sakandare bai taɓa ta ba, da wuya ya fara daga baya.

A makaranta suke koyo, ko ba haka ba? Ni ɗana abokai ne suka lalata shi.

Wannan ita ce tambayar da na fi jin nauyin amsawa, domin amsar tana taɓa mu.

Abokai suna da nasu kason. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma saffar farko kusan kullum daga ledar aboki take fitowa, a bayan aji ko a hanyar komawa gida. Amma na tambayi ɗalibai masu yawa, ɗaya bayan ɗaya, ina suka fara riƙe ledar tumbak a hannunsu. Mafi yawansu ba su ce makaranta ba. Suka ce aike. Baba ya ba shi kuɗi tun yana ɗan shekara bakwai ya ce je wurin mai tumbak ka karɓo mini. Kawu ya ce miƙo mini huggar can. Yaya ya ce kunno mini wannan a murhu. Kafin yaron ya shiga sakandare ya san shagon, mai shagon ya san shi, ya san farashi, ya san wadda ake yabo da wadda ake kushewa, ya san yadda ake mulmulawa. Ya kuma ga cewa duk namijin da yake girmamawa, da an gama cin abinci hannunsa aljihu yake nufa. Ranar da aboki ya miƙo masa, ba sabon abu aka nuna masa ba. Dama ya daɗe yana jiran ranar da zai isa.

Mu malamai ma ba mu fita ba. Akwai malamin da zai fito daga aji ya tsaya a bayan ofis ya sa tasa, yara suna leƙe ta taga, gobe kuma shi ne mai riƙe bulala a taron safe. Yaro ba ya jin abin da muka ce kamar yadda yake ganin abin da muka yi.

Ba ina faɗin haka don in kunyata kowa ba. Uban da yake aiken ɗansa, shi ma haka aka aike shi. Amma idan muka ɗora laifin duka a kan 'ya'yan wasu, za mu raba yaro da aboki ɗaya, mu bar shi da shagon, da huggar da ke ƙarƙashin matashi, da aiken gobe da safe.

Kamar abin ya ƙaru tun da aka fara yaƙi. Ko idona ne?

Abin da ni ma nake gani a ajina ke nan. Tun watan Afrilun 2023 makarantu suka rufe, da yawa a nan gabas suka zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartum da Madani da Sinnar. Waɗanda ya kamata su rubuta Shahada a 2023 ba su rubuta ba sai ƙarshen 2024. A wannan tsakanin yaran ba zama suka yi ba. Wasu sun tafi yankan riɗi da girbin dawa, wasu tuƙin raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, wasu dako a kasuwa, wasu tsayuwa a wurin gasa naman agashe har tsakar dare. Suka zauna cikin manya, suka riƙe kuɗin kansu, kuma a gona saffa ita ce abin da ake miƙa wa wanda ya gaji ko yunwa ta dame shi. Da aka buɗe makaranta suka dawo da gemu da leda a aljihu.

Akwai kuma waɗanda suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, ba sa barci, ba kuma wanda suke gaya wa. Irin wannan yaron, tabar alama ce ta wani ciwon. Idan aka ƙwace ledar ba a tambayi ciwon ba, akwai masu bango, wato wiwi, da masu ais, wani mugun kayan maye, suna jiran sa a wurin zaman da ya saba.

Yaya zan gane ko ɗana ya fara?

Ki lura da yawan tofar da yawu mai duhu, da leɓen ƙasa ko na sama da ya ɗan kumbura, da baƙin gari a ƙarƙashin farce ko a kusurwar aljihu idan kina wanki. Warin tumbak ba ya ɓuya ga wanda ba ya sawa. Mai sigari yakan shigo yana tauna cingam ko ya fesa turare ba dalili. Sai kuɗin fatur, wato karin kumallo, da ba ya isa, da fita da zarar an gama cin abinci, da saurin fushi idan aka tsare shi a gida rabin yini. Ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce. Idan sun taru uku ko huɗu, lokacin magana ya yi.

Na kama shi da ita. Babansa ya ce zai yi masa dukan da ba zai manta ba. Ya dace?

Ki roƙe shi ya dakata. Na ga yaran da aka zane a gida, aka zane a makaranta, aka aske musu kai a gaban jama'a. Ban ga wanda bulala ta cire wa nikotin daga jini ba. Abin da take koya masa shi ne ɓoyo: ya daina ajiyewa a aljihu ya koma ajiyewa a safa, ya daina zuwa wurinku da kowace damuwa. A zamanin Mahadi, a shekarun 1880, an hana taba a ƙasar nan, ana yi wa mai shan ta bulala a bainar jama'a. Mahadiyya ta wuce, tumbak tana nan.

A bari fushi ya sauka, kwana ɗaya ba zai ɓata komai ba. Sannan wanda yaron ya fi sakin jiki da shi, ko uwa ce, ko kawu, ko yayansa, ya zauna da shi su biyu, ba a gaban ƙanne ba. A tambaye shi yaushe ya fara, sau nawa a yini, ya taɓa gwada dainawa, me ya ji. A saurara har ya gama. Za ki yi mamakin yawan waɗanda za su ce sun gwada sun kasa, suna tsoron faɗa. Daga nan a gaya masa a fili cewa ba a yarda ba, a gaya masa dalili, a kuma ce za a tsaya masa. Tausayi ba ya hana iyaka: a san inda kuɗinsa yake tafiya, a san da wa yake zama bayan Isha'i.

Ba doka ne? Me ya sa ake sayar wa yara?

Akwai. Sudan ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba a 2005, wadda sashe na 16 nata ya hana sayar wa ƙananan yara, ya kuma nemi a hana sayar da sigari kara-kara, domin karan ne yake sa ta zo daidai aljihun ɗalibi. A shekarar aka yi dokar taba ta ƙasa, Jihar Khartum kuma ta yi tata a 2012. Takarda dai ba ta tsayawa a bakin shago. Tumbak kuwa a leda ake ƙulla ta, ba rubutu, ba gargaɗi, ba mai auna abin da ke ciki. Sannan kasuwa ce mai kuɗi: a 2011 kamfanin taba na Japan ya sayi masana'antar Haggar, mai yin sigarin Bringi, a kan dala miliyan 450.

Abin da yake hannunmu ya fi kusa. Mai teburin da ke kusa da makaranta ɗan unguwa ne, a sahu ɗaya muke salla. Idan liman da mai unguwa da iyaye uku suka je suka ce masa, Alhaji, don Allah duk yaron da ya zo, ko ya ce aiko shi aka yi, kada ka ba shi, yawanci yakan ji kunya ya yarda. Sai dai ba zai iya riƙe alkawarin ba idan mu ne muke ci gaba da aiken.

Me malamai suka ce? Wasu sun ce makaruhi ce kawai.

Lokacin da taba ta shigo ƙasashen Musulmi, wajen shekara 400 da suka wuce, malamai sun yi saɓani, har Ahmad Baba na Tumbuktu yana cikin waɗanda suka ga halaccinta. A lokacin ba a san abin da take yi wa jiki ba. Da cutarwarta ta tabbata, mafi yawan malaman zamanin nan suka tafi a kan haramci, suna kafa hujja da aya ta 195 a Suratul Baƙara da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, da hadisin da ya ce ba cuta ba cutarwa. Shehunan Tijjaniyya, ɗarikar da yawancin gidajenmu suke ciki, sun daɗe da hana ta ga muridai. Ni ba mufti ba ne, a koma wa malaman unguwa don ƙarin bayani. Roƙona gare su shi ne idan za su yi wa'azi a kanta su ambaci saffa da sunanta, domin mai saffa yakan ji ana zagin sigari ya gyara zama, yana ganin ba da shi ake ba.

'Yan mata ma suna yi?

Suna yi, sai dai a ɓoye ƙwarai, kuma an fi jin shisha a ɗakin ƙawaye da saffa ƙarama da ba ta tada leɓe. Saboda abin kunya ne a ce mace tana yi, ba ta da wanda za ta gaya wa idan tana son dainawa. Uwa ko yaya ko malama mace ce za ta iya buɗe wannan ƙofar, da sharaɗin maganar ba za ta fita ba. Ta kuma sani cewa nikotin, ta hayaƙi ko ta baki, yana isa ga ɗan da ke ciki, yana jawo haihuwar jariri marar nauyi ko haihuwa kafin lokaci.

Ustaz, ina so in daina, na gwada sau biyu na koma. Yaya zan yi?

Wanda ya gwada sau biyu ya fi wanda bai gwada ba kusa da fita. Yawancin waɗanda suka daina sai da suka faɗi suka tashi sau da yawa.

Ka sa rana, kada ta wuce mako biyu daga yau. Daren ranar ka zubar da abin da ya rage, har huggar, kada ka bar ta ko-ta-kwana. Ka gaya wa mutum ɗaya da kake jin kunyarsa. Ka san abin da zai zo: kwana uku na farko su ne masu zafi, da ciwon kai, da ƙunci, da rashin barci, da yunwa. Daga mako na biyu abin yana sauka, zuwa mako na huɗu jikin yawanci ya saki. Sha'awar kanta ba ta zama, takan taso ta yi 'yan mintoci ta kwanta, ko ka sa ko ba ka sa ba. Aikinka shi ne ka tsallake waɗannan mintocin. Baki ya saba da riƙe abu, to ka ba shi asuwaki, ko kanumfari, ko ɗan citta, ko gyaɗa da tasali, wato gasassun 'ya'yan kankana. Ka sha ruwa, ka tashi daga inda kake, ka yi alwala.

Ka lura da lokutan da ta saba kiran ka: bayan fatur, bayan shayi, wurin kallon ƙwallo. Wata guda ka sauya wurin zama. Abokin da ya miƙo maka bayan ka ce masa ka daina, ka rage zama da shi, ko ba ku yi faɗa ba. Kada ka bar saffa ka koma sigari, ko ka bar sigari ka koma saffa ko ta lantarki, nikotin ɗin ɗaya ne. Akwai cingam da filastar nikotin da suke taimaka wa wasu, amma wanda bai kai 18 ba sai da shawarar likita. Idan azumi ya kusa, ka riƙe shi da hannu biyu: saffa tana karya azumi, don haka ka riga ka iya haƙurin awa 13 ko 14. Abin da ya rage shi ne daga shan ruwa zuwa sahur.

Idan ka zame ka sa ɗaya, ba ka koma farko ba. Ka tofar, ka duba abin da ya ja ka, ka ci gaba daga nan.

Na ga wani farin tabo a cikin leɓena, ba ya ciwo. In damu?

Ka je a duba, cikin makon nan. Rashin ciwon ba albishir ba ne, kansar baki ba ta ciwo a farkonta. Farin tabo ko ja da ba ya goguwa, gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, ƙullutu a leɓe ko harshe ko wuya, haƙorin da ya fara girgiɗi ba dalili, duk na likitan haƙori ne. Yawancin irin wannan tabon ba kansa ba ne, wasu ma suna ɓacewa bayan an daina, amma ido ba ya rarrabewa. Manyan cibiyoyin kansa na ƙasar nan, ta Khartum da ta Madani, yaƙi ya taɓa aikinsu, magani ya yi nisa ya yi tsada. Abin da aka gani da wuri ana iya cire shi da ƙaramin aiki. Kada a tsaya shafa toka ko jiƙo ana jira.

Malam, ni ne uban, kuma shekara 30 ina sa saffa. Da wane baki zan hana shi?

Da bakin nan naka, Alhaji, kuma ya fi nawa tasiri. Ni abin da na karanta nake faɗa, kai abin da ka ɗanɗana. Ka kira shi ka ce masa: na fara ina kamar shekarunka, ba wanda ya gaya mini, na yi ƙoƙarin bari na kasa, dubi haƙorana, dubi abin da take ci a aljihuna, ba na so ka zama haka. Yaro bai saba jin ubansa ya ce na kasa ba, kuma ba ya manta ranar da ya ji.

Idan za ka iya, ku sa rana ɗaya ku daina tare, kowa ya tsare ɗan'uwansa. Shekara 30 ba ta rufe ƙofa ba, jiki yana fara gyara kansa a kowane shekaru aka bari. Ka kuma je likitan haƙori ya duba wurin da kake ajiye ta, ka tafi da yaron ya gani. Idan ba ka shirya dainawa ba tukuna, to ka ɗauke huggar daga inda hannunsa yake kaiwa, ka daina sawa a gabansa da gaban ƙannensa. Gobe da safe kuma idan ledar ta ƙare ka ji ba za ka iya haƙuri ba, kada ka kira shi. Ka sa takalminka ka je da kanka.